Neman laftof mai babban allo a Legas: abin da na gani tsakanin Agege da Otigba

Aikina zanen gine-gine ne. Ina zaune a Agege, ina aiki da wani ƙaramin kamfanin gini a Ikeja, bayan an tashi kuma ina karɓar nawa na gefe: shaguna, gidajen haya, wani lokaci masallacin unguwa da 'yan uwanmu suka yi karo-karo za su ɗaga shi ya koma bene. Da manhajojin zane AutoCAD da Revit nake cin abinci, sai Lumion idan mai gida yana so ya ga gidansa da fenti da itatuwa tun ba a aza bulo ko ɗaya ba. Tunda na sauya laftof, yaran da ke koyon aiki da abokaina masu haɗa bidiyon biki ke damuna da tambaya: wace iri ce, nawa, a ina? Amsar ta fi ƙarfin saƙon WhatsApp, shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, don wanda zai bi bayana kada ya sha irin yawon da na sha.

Tsohuwata mai inci 14 ce, RAM (ma'ajiyar aikin da ake kan yi) 8GB, furosesa (ƙwaƙwalwar na'urar) i5 zubi na 7. Ta yi mini hidima iyakar ƙarfinta, amma da na karɓi aikin wani bene mai hawa uku da shaguna a ƙasa, sai ta fara nuna gajiya. In na juya ginin a Revit sai ta sandare, fanka na ta kuka, ni kuma ina zaune ina kallon agogo. Ga ƙarancin allo: kayan aikin manhajar sun cinye gefe da gefe, zanen ya rage ɗan tsakiya, kullum cikin zuƙowa da turawa nake, da dare idona na ruwa. Sai kuma ga Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, alhali Windows 11 a hukumance ba ta karɓar furosesan Intel da bai kai zubi na 8 ba, in ban da 'yan ƙalilan. Ke nan ko ba don nauyin aiki ba, lokacin rabuwa ya yi.

Kafin in taka ko'ina na sami maigidana a ofis, don ya riga ni shiga harkar da shekaru. Ya ce, “Me za ka yi da ƙatuwar laftof? Sayi mai inci 15, ka haɗa ta da monita mai inci 27 a ɗaki, ka huta.” Na ce, “Ranka ya daɗe, ai ni ba a ɗaki nake aiki ba.” Shawararsa gaskiya ce, kuma duk wanda ke zaune wuri ɗaya ita zan ba shi, ta fi sauƙin kuɗi ta fi sauƙin baya. Ni kuwa yau ina Ikeja, gobe ina wurin gini a Ikorodu, jibi ina falon wani Alhaji a Idi-Araba, shi da 'ya'yansa sun kewaye ni kowa na nuna inda yake so a sa taga. Monita ba ta shiga jaka, in an ɗauke wuta kuma ta zama ado. Da ya ga na kafe, sai ya jawo takarda ya ce to mu rubuta abin da za a duba, kuma allo ne zai zo ƙarshe.

Abin da ya fara nuna mini shi ne harafin da ke bayan lambar furosesa. Jin “i7” kawai ba ya gaya maka komai. Wanda ya ƙare da U an yi shi ne don tanadin batir, wajen wat 15 yake ci, ya dace da rubutu da imel da kallon bidiyo. Wanda ya ƙare da H wajen wat 45 yake ci, shi ne na ɗaukar kaya. Lambobin farko kuma su ke nuna zubi: 9750H zubi na 9 ne, 10850H na 10. Sai RAM: kamfanin Autodesk da kansa ya sa 16GB a matsayin mafi ƙaranci ga sababbin fitowar Revit, 32GB kuma na matsakaicin aiki, don haka muka rubuta 32. Sai katin girafik mai zaman kansa na NVIDIA mai aƙalla 6GB nasa na kansa, domin Lumion kusan a kansa kaɗai yake dogara. Sai ma'ajiya SSD, ba tsohon faifai mai juyawa ba. A ƙasan takardar ya rubuta allo: IPS, wato irin wanda launinsa ba ya wankewa in ka karkata gefe, 1920 x 1080 ko sama.

Da wannan takarda a aljihu na fara da manyan shaguna masu gilashi da sanyin AC, na wajen Allen Avenue da na Alausa. A nan na gane hikimar maigidana. Akwai sababbi fil a kwali masu inci 17.3, farashinsu da daɗin ji, sirara, ga ƙyalli. Yarinyar da ke tsaron wani shagon ta ce mini, “Oga, i7 ce fa, ga girman allo.” Na sunkuya na karanta ɗan katin da ke gabanta: furosesa mai U, RAM 8GB, babu girafik na daban. A wani shagon ma na ga mai allo 1600 x 900, wanda in ka ɗan karkata gefe launin ya wanke. Irin wannan tirela ce da injin Keke Napep. Girman ba zai ƙara maka fili a zane ba, harufa ne kawai za su kumbura. Waɗanda suka cika sharuɗɗan takardata su ne na 'yan gem, irin su Legion da Omen da ROG, masu inci 16 ko 17, da garantin shekara guda. Ba ni da abin kushe a kansu, amma wadda ta yi mini ta haura naira miliyan 1 da rabi da nisa. Sababbin na injiniyoyi kuwa sai an yi maka oda, kuɗinsu miliyoyi ne. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, duk wani abu mai shigowa ta jirgi ya bi ta. Na tsaya gaban MacBook Pro mai inci 16 na ɗan yi sha'awa, allonta ba magana, amma Revit da Lumion ba sa aiki a kan tsarin Apple kai tsaye, sai na wuce.

Haka na koma ga gwanjo, abin da 'yan kasuwa ke kira UK used ko da daga Amurka ya taso. Ba kowace gwanjo ba, jinsin da ake ƙera wa kamfanonin injiniya da zane: Dell Precision 7740 da 7750, HP ZBook 17, Lenovo ThinkPad P73 da P17. Kamfanoni a can suna amfani da su 'yan shekaru su sabunta, tsofaffin su gangaro mana. Suna da kauri da nauyi, amma kaurin nan na fanka biyu ne da bututun tagulla masu kwashe zafi, ana buɗe su da sukundireba, RAM da SSD ana cirewa a ƙara, littafin gyaransu kuma yana shafin kamfanin kyauta. Na ɗauki lokaci ina duba shafukan talla a intanet don in san inda farashi ya tsaya. Wannan ne kaɗai amfanin da suka yi mini. Duk wanda na kira, ko dai ya ce wadda ke hoton an saye amma akwai “irinta”, ko ya ce in turo kafin alƙalami a riƙe mini. Ban tura wa kowa ko kwabo ba.

Akwai wani yayanmu a unguwa, Bakano, mai gyaran waya da kwamfuta. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya koyi aiki, ya daɗe da dawowa Legas, yana da ɗan teburi a Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta titin Otigba a Ikeja. Bayan Isha'i na same shi a ƙofar masallaci na ce, “Yaya, ina so ka raka ni kasuwarku.” Ya karɓi takardar ya karanta da fitilar waya, ya yi dariya ya ce, “Injiniya, wannan ai ba sayen rana ɗaya ba ne. Ka zo da filas, ka zuba fayil ɗin aikinka mafi nauyi a ciki. Kuma kada ka zo da kuɗi a hannu.” Ya ƙara da cewa in ranar Alhamis zan zo kada in yi sammako, don da safiyar Alhamis ake sharar kasuwanni a Legas, sai wajen ƙarfe 10 ake buɗewa. A filas ɗin ya sa na zuba wasu ƙananan manhajoji na kyauta na gwada lafiyar kwamfuta: HWiNFO, CrystalDiskInfo, GPU-Z da Cinebench.

Jirgin ƙasa na Red Line na hau daga tashar Agege zuwa Ikeja da katin Cowry, ya raba ni da gosulon hanya, daga tashar kuma tafiyar ƙafa ce. Wanda bai taɓa shiga Otigba ba ya shirya kunnensa. Tun daga ƙarƙashin gada samari za su yi maka ca, wannan na riƙe hannunka, wancan na tura maka waya a fuska: Alhaji me kake nema, Aboki za ka sayar ne, Malam zo ka ga shagona. Yawancinsu ba su da shago, 'yan kamasho ne, duk inda suka kai ka an ɗora la'adarsu a kan kuɗinka. Yaya ya ce in sa wayata a aljihun gaba, in bi bayansa, kada in amsa wa kowa. Muka kutsa ta tsakanin masu liƙa gilashin waya da masu sayar da caja a baro, ƙarar janareta ta ko'ina, muka hau wani bene mai ƙunƙuntar matakala inda masu shigo da laftof suke. Ya ce mini ƙa'idarsa ɗaya ce: shago mai ƙofa da suna a rubuce, wanda gobe in ka dawo za ka same shi.

Ta farko da aka fito mana da ita ta yi kyau ƙwarai, ko ƙwarzane babu. Ni har na fara lissafi a zuci. Yaya ya kashe ta, ya kunna, ya danna maɓallin shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ta buɗe, sai ga akwati yana neman kalmar sirri. Mai shagon ya ce ba komai, ai Windows na buɗewa lafiya. Yaya ya rufe ta ya miƙa masa. A matakala ya bayyana mini cewa kamfanin da ya yi amfani da ita ne ya kulle bai cire ba. Ranar da kake so ka sauya wani saiti ko ka sake zuba Windows, ranar za ka san ba kai ke da ita ba. Ya ce akwai ma wani kullen da ya fi wannan ɓoyuwa: wasu na nan a rajistar kamfanin da ya sallame su, sai ka sake zuba Windows ka haɗa da intanet, ta buɗe maka shafi da sunan wani kamfani a Turai tana neman imel ɗin ma'aikaci. Mac kuma nata shi ne kullen iCloud. Duk wadda ke da ɗaya daga cikin waɗannan, ko da rabin kuɗi ne a bar ta.

Ta biyu a wani shago ta wuce BIOS lafiya. Muka roƙi kujera da soket, Yaya ya buɗe HWiNFO mai nuna zafi da gudu a gefe ɗaya, ya saki Cinebench mai ɗora wa furosesa aiki mai nauyi a ɗaya gefen. Minti na farko komai lafiya. Daga nan zafin furosesa ya hau ya manne a digiri 99 zuwa 100, gudunsa ya fara sauka, fanka ɗaya na ihu. Ya kai bayan hannunsa wajen ramin iska na ɗaya gefen, ya ɗago ya dube ni: babu iska. Fankar girafik ta mutu ko ta toshe. Mai shagon ya ce abin gyaran minti goma ne. Mai yiwuwa haka ne, amma ba wanda ya san tsawon lokacin da ta yi tana dahuwa a haka. Wannan gwajin shi ne zuciyar sayen gaba ɗaya, domin kowace laftof jaruma ce a minti biyun farko, aikinmu kuwa renda ce, wato fitar da hoton gini kamar na gaske, ta awa guda ko fiye a ɗakin da fankar sama ce kawai ke juyawa. Masu shago ba sa son zaman, za su yi ta cewa akwai wani kwastoma yana jira. A bar su su faɗa. Ranar haka muka yi Azahar da La'asar a kasuwa, na koma gida hannu rabbana, raina a ɗan jagule, ga aikin mutane na jira.

Wani mai shago da Yaya ya daɗe yana hulɗa da shi ya ce kayansa na hanya, a ba shi mako guda. Makon ya zama kusan biyu, kullum labarin ana kan fito da kaya daga filin jirgi. A tsakanin na je banki, don manhajar bankina tana da iyakar abin da zan iya turawa a rana, kuma bai kai kuɗin laftof ba. Na ja layi, na cike fom na ɗaga iyaka, aka duba katin shaidata da BVN, aka ce sai washegari zai fara aiki. Wannan a yi shi tun kafin ranar saye. Na ga wani a kasuwar an gama ciniki turansfa ta ƙi wucewa, ya bi masu POS yana cira kashi-kashi, kowanne na yankar nasa caji.

Da kayan suka iso Yaya ya kira ni. Dell Precision 7750 ce, ƙirar 2020, allo inci 17.3, furosesa i7-10850H, girafik Quadro RTX 4000 mai 8GB, RAM 32GB, SSD 1TB. Murfinta na da ɗan ƙwarzane a kusurwa. Muka fara da lambar nan mai harufa da lambobi bakwai da Dell ke kira Service Tag: ta jikin sitikar ƙasa ta yi daidai da ta cikin BIOS, muka sa ta a shafin kamfanin a wayata, ya nuna irin kayan da ta fito da su daga masana'anta, suka dace da abin da ke gabanmu. Idan sitika da BIOS suka saɓa, an sauya bod, wato babban faifan lantarkin da komai ke manne a kansa, ko an haɗa gawa biyu an tada ɗaya. Sai Yaya ya sake kunnawa ya danna F12, ya zaɓi gwajin da ke cikin na'urar, ta bi fanka da RAM da ma'ajiya da batir ɗaya bayan ɗaya, tana canza launin allo. GPU-Z ya tabbatar da katin girafik. CrystalDiskInfo ya nuna lafiyar SSD da yawan awannin da ta yi a kunne. Batir kuwa, ya rubuta powercfg /batteryreport, ya buɗe rahoton ya nuna mini layi biyu: abin da batirin ke ɗauka sabo, da abin da yake ɗauka yanzu. Ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ya ce ga mai shekaru irin nata wannan ba laifi, amma hujja ce ta neman ragi.

Sannan muka zo allo. Ya cika shi da fari tas, muka matso muna neman tabo ko ɗigon da ya mutu. Ya mayar baƙi, muka kare hasken shagon da jaka muna duba ko haske na tsiyaya daga gefuna. Sai ja, kore, shuɗi. Ya buɗe murfin ya rufe a hankali yana sauraren hinji, don a manyan laftof nan ne ke fara ciwo. Na bi kibod harafi-harafi, har da lambobin gefen dama da nake shigar da awo da su. Kibod ɗin na Ingila ne, alamar fam na kan lamba 3, alamar @ kuma ba inda hannuna ya saba ba, abin kwana biyu ne a saba. Kowace kafar USB muka soka filas, HDMI muka jona da talabijin ɗin shagon. Daga ƙarshe muka saki Cinebench muka zauna, mai shagon ya aika aka sayo mana ruwa mai sanyi. Zafin ya hau ya tsaya a inda ya kamata, gudun bai faɗi ba, iska mai ɗumi na fita ta ɓangarorin biyu. A kan wata manhajar duba zane ta kyauta na buɗe benen nan mai hawa uku, na juya shi sama da ƙasa, ya bi hannuna ba gardama. A nan ne na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina.

Saura caja, kuma nan ne aka so a yi mana wayo, ko da gangan ko da kuskuren yaron shago. Ya kawo wata 'yar madaidaiciya, bakinta ya shiga daidai. Yaya ya juya bayanta ya karanta: wat 130. Wannan na'ura wat 240 take so. Da ƙaramar caja za ta kunnu, amma za ta rage wa kanta gudu, in aiki ya yi nauyi ma batir na sauka alhali tana jone. Aka kawo wata mai rubutun 240, Yaya bai yarda da rubutu ba, ya shiga BIOS wajen bayanin batir inda na'urar ke faɗin cajar da ta gani. Ta rubuta 240W. Ya ce jabu ko wadda ɗan tsinken tsakiyar bakinta ya lalace, a nan za ka ga na'urar ta ce ba ta san ta ba. Cajar asalin ƙatuwa ce, nauyinta kaɗai ya isa a sa shi cikin lissafi.

Ciniki ya fara daga naira miliyan 1 da dubu 300. Yaya ya kawo zancen batir da ƙwarzanen murfi, mai shagon ya kawo zancen dala da kwastan, aka yi ta ja, na miƙe kamar zan tafi, aka dawo da ni. Muka tsaya a miliyan 1 da dubu 150. Wannan kuɗin na ranar ne kawai, kada wani ya riƙe shi ya je yana rigima da 'yan kasuwa. Kafin in tura na duba sunan da ya fito a asusun ya yi daidai da sunan da ke saman shagon. Muka jira alat ya shiga. Rasit kuwa ban bar yaron ya rubuta “laptop 1” ya sa hannu ba. Na sa aka rubuta samfuri, Service Tag, furosesa, RAM, SSD, girafik, wat ɗin caja, kwanan wata, da garantin wata guda da suka bayar, aka buga hatimi. Sun faɗa mini a fili garantin bai shafi fashewar allo ko shigar ruwa ko ƙonewa daga wuta ba, kuma in an yage sitikar da suka liƙa a kan noti ya tashi. Na ɗauki hoton rasit ɗin na ajiye a waya, don a Legas ana iya tare mai jakar laftof a hanya a nemi shaidar saye. Na ba Yaya abin da ya sauwaƙa, ya ƙi, sai da na ce na yara ne ya karɓa. Motar haya ta manhaja na kira har ƙofar gida, ban shiga danfo da ita ba.

Watan garantin nan ban bar shi ya tafi a banza ba. A daren farko na goge komai na zuba Windows 11 sabuwa da intanet a jone, don in ga ko shafin wani kamfani zai fito. Bai fito ba, lasisin kuma ya kunna kansa tunda yana cikin bod. Ba na yarda da Windows ɗin da aka zuba a kasuwa, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Daga nan na ɗora mata renda mai tsawo dare bayan dare. Da watan ya cika ba matsala, na kai wa Yaya ya buɗe ta, ya busa ƙura, ya sauya man da ke tsakanin furosesa da tagulla, zafin ya ƙara sauka.

Akwai kuɗaɗen da ba su cikin takardar maigidana. Jakata ta da ba ta ɗauke ta ba, kuma yawancin jakunkunan kasuwa a inci 15.6 suka tsaya, sai da na nemi ta musamman mai kauri a kafaɗa, don na'urar ta haura kilo 3 ban da caja. Na sayi ekstenshan mai kariya daga hawan wuta, saboda yadda wuta ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, da kuma lokacin da ake juyawa zuwa janareta. Ɗan ƙaramin janaretan gida yana ɗaukarta tare da fanka da fitilu, amma ba tare da dutsen guga ba. Na sayi ɗan matashin ƙarfe mai ɗaga bayanta, don ta ƙasa take shan iska. A kan katifa ko kafet ba a ɗora ta. Batir kuma kada a yaudari kai: yana isa in nuna wa mai gida zane ko in adana aiki in an ɗauke wuta, amma renda sai a jone, in ba haka ba girafik na rage ƙarfi batirin kuma ya zube nan da nan.

Ga mai haɗa bidiyo, lissafin ya ɗan bambanta da nawa. Shi ingancin launin allo ya fi damunsa, sai ya tambayi kashi nawa na ma'aunin launi na sRGB allon ke nunawa, kuma MacBook Pro mai inci 16 daga ƙirar 2021 zuwa sama tana yi masa aiki sosai, batirinta ma ya fi namu nesa ba kusa ba, illa dai RAM ɗinta ba a ƙarawa bayan saye. Mai kuɗin sabuwa ta 'yan gem ya saya, garantin shekara ba abin rainawa ba ne, sai dai gwajin zafin nan ya yi shi a makon farko. Allo mai 4K yana da kyau a ido amma yana ƙara wa girafik da batir nauyi, ni 1920 x 1080 a inci 17.3 ya ishe ni. Masu inci 16 na yanzu kuma sun fi tsayi daga sama zuwa ƙasa, 1920 x 1200 ko 2560 x 1600, filin aikinsu bai gaza na mai 17 ba ga sauƙin ɗauka, don haka kada a kafe a kan lamba 17.

Wanda ke hangen Precision da ta fi tawa sabunta ya lura da abu ɗaya: a 7670 da 7770 Dell ta shigo da wani sabon tsarin RAM mai suna CAMM, wanda ba shi ne ake samu a kowane teburi a Otigba ba, sai ya tambaya wane iri ke cikin wadda aka miƙo masa kafin ya biya. Tawa ramukan RAM huɗu gare ta na gama-gari, biyu a ƙarƙashin murfin ƙasa, biyu a ƙarƙashin kibod, tana ɗaukar har 128GB. Biyu ne a cike yanzu. Yaya ya ce in na karɓi kuɗin aikin Ikorodu in kawo ta mu mayar da ita 64, amma in zo da sassafe kafin teburinsa ya cika, don ɗaga kibod ɗin na son natsuwa.